Yadda Hadijatu Take Fifita Wuta

Kalilu mai fitila ba haifaffen birnin Daura ba ne, ko da yake a nan ya tsufa. An haife shi a wani ɗan ƙauye kusa da Mai'adua, inda ban da gero da dawa babu abin da ake gada. Tun yana saurayi ya lura noma ba ya son sa, shi ma kuma ba wani son noman yake yi ba, sai ya naɗe tabarmarsa ya shigo gari, ya zauna gaban wani tsohon maƙeri da ke aikin gwangwani a bakin kasuwa. A nan ya koyi yanka da lanƙwasa da liƙi da dalma. Kafin tsohon ya rasu Kalilu ya riga ya fi shi hannu, abin da tsohon bai taɓa yarda da shi da bakinsa ba.

Sana'arsa ita ce aci-balbal da gyaran fitilar ƙwai. Ka ba shi gwangwanin madara da aka yar a bola, kafin ka gama gaisawa da maƙwabcinsa ya mayar maka da shi fitila, har da ɗan mariƙi. Yana da alfahari guda ɗaya, kuma ba ya ɓoye shi: in ya dubi harshen wuta zai gaya maka ko an gauraya kananzir ɗin, ko lagwanin ne ya tsufa, ko iska ce take shigowa ta wata kafa da mai ɗakin bai sani ba. Mutane suna masa dariya, su ce Kalilu yana hira da wuta. Amma in fitilarsu ta fara hayaƙi, wurinsa suke kawowa.

A kasuwar Mai'adua ya fara ganin Hadijatu, ta rako gwaggonta sayar da daddawa daga wani ƙauye can bayan Kongolam. Ya sayar wa gwaggon fitila, sati na zagayowa ya dawo wai ya zo duba ko tana yoyo. Fitilar ba ta yoyo. Sai da ya duba ta sati bakwai a jere kafin gwaggon ta ce masa in magana ce da shi ya turo manyansa, ya bar wa fitila lafiya.

Sun yi shekara talatin da ɗaya tare. Allah ya ba su haihuwa uku, ya karɓi abinsa duka kafin yaye. Gidan ya zama na mutum biyu, kuma a gidan mutum biyu ne Kalilu ya ɗauki wata ɗabi'a da maza ba su cika yi ba. In ya dawo daga masallaci da magariba, ba ya tsayawa majalisa. Buzunsa yake ja zuwa ƙofar madafi, ya zauna yana kallon matarsa tana tuƙa tuwo. Abokansa sun yi tsiyar har sun gaji, sun kira shi mijin-ta-ce, sun tambaye shi ko shi ke kaɗa miyar. Ya bar su da bakinsu. Hadijatu kuwa ba ta yarda a kunna fitila kafin a sauke tukunya, ta ce ga wuta a murhu, a kan me za a ƙona kananzir. Don haka mutumin da ya haskaka rabin unguwa, a hasken murhu ya fi sanin fuskar matarsa.

Ta rasu da damina, shekara guda bayan an ƙaddamar da Shari'a a jihar. Zazzaɓi ne na kwana uku. Ba ta bar hoto ba, domin ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, ko da salla in ya yi mata maganar sai ta ce, "Malam, wa zai kalla? Ba ga ni a gabanka ba?" Gwaggon ta daɗe da rasuwa, ƙanwarta guda da suke kama ita ma ta riga ta tafiya. Babu wata fuska a duniya da zai duba ya ce ga hancin Hadijatu.

Daga baya sana'ar ma ta bi ta. Fitilun batir 'yan Chana suka cika kasuwa, masu farin haske mai kashe ido, wanda ba ya rawa ba ya numfashi, kuma in sun lalace ba a gyara su, yarwa ake yi. Kalilu ya ci gaba da buɗe rumfarsa kullum don ba shi da inda ya fi nan. Wata rana ya liƙe buta guda, wata rana ko butar babu. Maƙwabcinsa Boniface, mai sayar da kayan gyaran babur, shi ne mai ce masa sannu da safe da sannu da yamma, wani lokaci matarsa Ego ta aiko masa da ɗan abinci a kwano. Murhun gida kuwa shekara shida ba a hura shi ba. Kazar maƙwabta ta mayar da shi wurin ƙwai, bai kore ta ba.

Akwai abin da bai gaya wa kowa ba, kuma shi ne ainihin ciwonsa. Fuskar Hadijatu tana guje masa. Ya san tana da tsaga uku a kowane kunci, ya san akwai 'yar wushirya, ya san girar hagu ta ɗan fi ta dama tashi. Zai iya lissafa su ɗaya bayan ɗaya kamar kayan miya. Amma in ya rufe ido ya ce su haɗu su zama mutum, sai su ƙi. Muryarta tana nan, tarinta yana nan, fuskar ce babu. Abin da ke tsorata shi ba na duniya ba ne. In liman ya yi wa'azi a kan ranar da za a tara mutane, kowa yana tunanin zunubinsa, shi Kalilu tunaninsa kada ya zo ya wuce ta a cikin taron bai gane ta ba.

A shekarar da aka tsaurara wa 'yan fim a Kano, wasu daga cikinsu suka riƙa fitowa garuruwan nesa suna aikinsu. Wata Laraba wata farar bas ta tsaya gaban shagon Boniface, janaretansu ya ba su matsala. Shugabansu, wani siririn mutum mai yawan duba agogo da ake kira Darakta Sabiru, ya tambaya ko akwai inda za a samu fitilun dā, don fim ɗin nasu na ƙauye ne, na zamanin kakanni. Boniface ya nuna rumfar da ke gefe da leɓe.

"Ga mai su nan. Duk Daura babu kamarsa, sai dai ba ya son a taya masa da wasa."

Suka ɗauki aci-balbal shida. Da Sabiru ya ga babu wanda ya iya gyara lagwani a cikin mutanensa, sai ya roƙi tsohon ya bi su na kwana biyu. A wancan lokacin ba a yi wa 'yan fim kallon arziki, kuma kafin la'asar magana ta kai masallacin unguwa cewa Kalilu zai shiga fim da furfurarsa. Wani ya tambaye shi ko rawar zai yi ko waƙar. Ya ce shi fitilunsa zai raka, in sun yi rawa zai kawo rahoto.

Wurin aikin wani ƙauye ne a kan hanyar Mashi. Rana tsaka, zafi kamar a soya ƙwai a ƙasa, suka shiga wani ɗakin ƙasa suka toshe ƙofa da taga da barguna, suka ce yanzu dare ya yi. Kalilu ya rakuɓe a kusurwa da fitilunsa. Abin da za a ɗauka ɗan kaɗan ne: mace tana tuƙa tuwo a gaban murhu, mijinta ya yi tafiya ya daɗe, ba ta magana, tuƙi kawai da tunani. Mai yin matar wata ce Murja, mace mai jiki da fara'a, ta kai shekara arba'in.

Da farko wutar gaske suka hura, da kara. Cikin minti biyu ɗakin da aka toshe ya cika da hayaƙi, Murja ta fita da gudu tana tari tana hawaye, mai kyamara kuma ya ce shi duk da haka bai ga komai a na'urarsa ba sai duhu da ɗan ja. Aka kashe. Aka kawo babbar fitilar lantarki da ke aiki da janareta, aka kafa ta a kan ƙarfenta, ta haske Murja daga sama fari fat kamar an kama ɓarauniya. Sabiru ya ce a riƙa kunnawa ana kashewa. Aka yi. Ya ce a riƙa gitta hannu a gabanta. Aka yi, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, kamar sojoji na fareti. Sabiru ya dafe kai ya ce a Legas akwai na'urar da ke yin wannan, amma ko ya sayar da bas ɗin ba zai iya hayarta ba.

Nan haƙurin Kalilu ya ƙare. An taɓa masa abin da ya sani.

"Ɗan nan, a gidanku daga rufin ɗaki wuta take ci?"

Sabiru ya juyo. "Na'am, Baba?"

"Na ce murhu a ƙasa yake. Ku sauko da abin nan. Kuma wuta ba fara ba ce, ba ta kuma ƙirga ɗaya biyu. Wa ya taɓa ganin wuta mai bin ƙa'ida?"

Wasu suka yi dariya, amma Sabiru mutum ne da rana ke ƙure wa, ko kaza ce ta ba shi shawara zai saurara. Ya ce a bar Baba ya gwada.

Kalilu ya sa aka samo tsohuwar garwar kananzir. Ya fito da almakashinsa ya farke ta, ya shimfiɗa, ya bi ta da guduma a hankali har ta yi ƙwarya-ƙwarya, wani wuri ya lotsa wani ya taso. Ya aika wurin mai dafa musu abinci ta ba da cokali biyu na manja, ya shafe cikin garwar mai ƙyalli da shi. Ya jingina ta a bayan duwatsun murhu inda kyamara ba ta gani, ya sa aka kwantar da fitilar a ƙasa tana kallon garwar maimakon Murja. Hasken ya bugi ƙarfen ya dawo ja-ja, ya hau haɓar matar da ƙasan kumatunta, ya bar goshinta a inuwa. Mai kyamara ya ce, "Kai!" a hankali.

"Saura rai," in ji Kalilu.

Akwai wani tsohon mafici na kaba da aka rataye a bango don ado. Ya ciro shi, ya tsuguna a ƙasa tsakanin fitila da garwa, ya fara kaɗawa. Bai yi shawara da hannunsa ba. Hannun ne ya tafi da kansa: gajeru biyu da sauri, dogo ɗaya, sai ya tsaya cak na ɗan lokaci, sannan ya koma. Hasken ya fara lasar bango, ya yi sama ya faɗo, ya yi kamar zai mutu ya farfaɗo. Inuwar muciya ta riƙa tsawo tana gajarta. Sabiru ya ba da umarni da raɗa, Murja ta kama tuƙi.

A tsayawa ta huɗu ne abin ya faru. Mafici ya tsaya, haske ya zauna, Kalilu ya ɗaga ido, sai ga Hadijatu. Ba kama ba ce, don Murja ba ta kama da ita ko ta ƙafa. Ita ce, da tsagarta da wushiryarta da girar nan ta hagu, duka a haɗe wuri guda, tana kallonsa. Bai fi ƙiftawar ido ba. Hannunsa ya ci gaba da aiki shi kaɗai, shi kuwa mai hannun ya ma manta a inda yake, har sai da ya ji Sabiru ya ɗaga murya ya ce a yanke, wannan ita ce.

Aka yaye barguna, rana ta shigo. Ana ta yaba masa, wani har da tafi. Sabiru ya tsuguna kusa da shi.

"Baba, wallahi ka fitar da ni kunya. Amma wannan tsayawar da kake yi, ita ce ta kashe ni. Ina ka samo ta?"

"Haka wuta take," in ji Kalilu, kuma har ransa haka ya ɗauka. Sannan ya nuna kyamarar da mafici. "Ɗan nan, abin da aka gani yanzu, duk ya shiga akwatin can?"

"Duka, Baba. Ko ƙuda ne ya gifta yana ciki."

"Ba ya gogewa?"

"Har jikokinmu sai sun gani."

Da wannan maganar Kalilu ya koma Daura, kuma a kanta ya rayu wata tara. Fuskar ta sake ɓacewa tun a cikin mota, amma bai damu kamar dā ba. Ai tana cikin akwati. 'Yan fim ba su sake nemansa ba. Dabarar garwa da manja ba abin ɓoyewa ba ce, duk wanda ya gani sau ɗaya ya iya, kuma an ce har wasu sun riƙa cewa su suka ƙirƙiro ta. Wannan bai dame shi ba. Abin da yake yi kawai, duk ranar da Boniface zai tafi Kano sarin kaya, sai ya leƙo ya ce, "In ka ga kaset ɗin mutanen nan." Har Boniface ya riƙa riga shi faɗa.

Wata Asabar Boniface ya dawo da kaset ɗin. Bayan la'asar ya fito da talabijin ɗinsa bakin shago, ya tayar da ƙaramin janareta, 'yan acaba da masu faci suka taru. Aka ba Kalilu kujera a gaba. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, abin da ya ba kowa dariya, shi kuwa ya san wanda ya yi wa kwalliyar. Ya zauna cikin haƙuri ana ta soyayya ana ta kuka a allo, har aka iso ɗakin.

Wutar ta yi kyau, wannan babu gardama. Wani ɗan acaba ya rantse ta gaske ce, wai har yana jin ƙaurin kara. Aka ce masa ga wanda ya yi ta nan zaune, da garwa da manja da mafici, ya ce a daina raina masa hankali. Kalilu bai ji su ba. Yana ƙirga tsayawa. Ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Ya matso har gwiwarsa ta taɓa teburin. Ta huɗu ta zo, haske ya zauna, ga Murja tana tuƙa tuwo.

"Boniface, mai da shi baya."

Aka mayar. Murja ce. Aka sake mayarwa, Murja ce dai, da kumatunta masu kyau waɗanda ba su da tsaga ko ɗaya. A karo na huɗu masu kallo suka fara gunaguni. Boniface ya dubi fuskar tsohon, ya ce da su duk wanda ya gaji ga hanya nan, talabijin ɗinsa ne. Amma Kalilu ya ɗaga hannu ya ce a bari, ya isa. Bai ji haushin Sabiru ba. Yaron bai yi ƙarya ba, abin da ke ɗakin ne ya shiga akwati. Wani irin kaɗaici ne ya sauko masa a tsakiyar mutane, wanda ya fi na ranar jana'iza nauyi, don ran nan aƙalla yana da fuskar.

Ego tana tsaye a bayansa da kwanon abincin mijinta. Ita ba ta san abin da yake nema ba, so take kawai ta tsokane shi ya saki fuska.

"Baba, ni dai tambaya ɗaya gare ni. Wa kake waiwaya?"

Ya juyo ya dube ta.

"Ai na ga yadda kake yi a rawar wutar nan. Fifita, fifita, ka tsaya. Mu masu girki mun san wannan. Mace ba ta tsayar da mafici haka kawai wuta na ci, sai in ta juya kallon wani. Ni in na yi haka, to wannan mutumin ne ya shigo." Ta nuna Boniface da kwanon, aka yi dariya.

Kalilu bai yi dariya ba. Ya tashi ya yi musu sai da safe tun rana ba ta faɗi ba, ya bar fim ɗin bai ƙare ba, ko sunayen ƙarshe bai tsaya ya ga ko an sa nasa ba.

A gida ya kwashe ƙwai uku daga murhu ya miƙa wa maƙwabta ta kan katanga. Ya share toka da kashin kaza. Ya zaro kara daga dangar bayan gida, ya karya, ya jera yadda take jerawa. Maficinta yana nan a soke a jikin rufin madafi inda ta bar shi, gizo-gizo ya yi gida a kai. Ya kakkaɓe. Bai jawo buzunsa ba. A kan 'yar kujerarta ya zauna, wadda bai taɓa zama a kai ba tun da aka kawo ta cikin kayan aure, gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa. Ya ƙyasta ashana.

Wutar ta kama. Ya ɗauki mafici, gajeru biyu, dogo ɗaya. Hannun ya tsaya, wuyansa ya juya da kansa zuwa dama, idonsa ya sauka daidai ƙofar madafi, a ɗan wurin da ƙasa ta lotsa saboda zaman mutum ɗaya shekara talatin da ɗaya.

Ashe nan take kallo. Shi da yake cika bakin ya san halin wuta, duk tsawon shekarun nan ya ɗauka wutar ce take hutawa.

Aka kira sallar magariba. Fuskar ba ta dawo ba, ba ta kuma sake dawowa ba har ya bar duniya bayan shekara huɗu. Amma maƙwabta sun ce tun daga ranar kullum sai sun ga hayaƙi a gidan Kalilu da yamma, ko da babu tukunya a kan murhu. Ran nan dai ya makara salla, abin da bai saba ba. Yana zaune a kujerar matarsa yana fifita wuta, yana tsayawa, yana waiwayar ƙofar da babu kowa.